Hannuwan Gwaggo Zubaidatu

Akwai wani matashi a Jidda mai suna Zaharadden, yana aiki a wani babban kanti a unguwar Safa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, lafiya lau, yana ɗan taɓa Turanci, amma son a sani ya yi masa katutu. Ko shayi zai sha sai duniya ta gani a waya.

Gwaggonsa Zubaidatu ce ta goya shi a Zariya bayan rasuwar mahaifiyarsa. Daga baya ta zo Umra ta yi zamanta, ba ta da takarda ko ɗaya. Masa take toyawa a wani lungu na Bab Makka, wata tsohuwar unguwa a Jidda, kullum cikin fargabar kada a kama ta.

Ana nan sai wani dattijon Bajamushe, Konrad Felmar, marubuci kuma daraktan fim, ya zo yin fim a kan masu sana'ar kasuwa. Aka haɗa shi da Zaharadden ya riƙa yi masa tafinta.

Konrad yana da wata ƙa'ida da aka san shi da ita: ba ya ɗaukar fuskar talaka, hannu kawai. A Jamus ta Gabas ya tashi. Yana yaro aka ga fuskar mahaifinsa a hoton wata zanga-zanga, aka zo aka tafi da shi kurkuku. Tun fim ɗinsa na farko a kan masunta har tsufansa, bai saɓa ƙa'idar nan ba.

Zaharadden ya kai shi wurin Gwaggo. Ta dubi kyamarar, ta ja mayafi.

"Ɗan nan, ka fa san halin da nake ciki."

Konrad ya ce a faɗa mata hannuwanta da tanda kaɗai za su fito, ko bangon lungun ba zai nuna ba. Ta dube shi, sannan ta ce, "Halas, yalla, na yarda, ya ɗauka."

Shi kuwa gogan naku abin ya ƙona masa rai. A ganinsa raini ne kawai, Bature ba ya son baƙar fuska a fim ɗinsa. Sai ya koma gefe ya ɗaga waya, ya ɗauki Gwaggo tana dariya, da lungun, da allon shagon da ke bayanta. Ya watsa, ya rubuta: Uwata ta zama tauraruwar Jamus a Bab Makka.

Da Konrad ya ga bidiyon washegari, sai da ya nemi wuri ya zauna. Ya ce wa Zaharadden, "Goge shi yanzu. Ba ka san abin da ka yi ba."

Zaharadden ya yi dariya. "Malam, kishi kake don nawa ya riga naka fita?"

Bai goge ba. Mutane na ta turawa, shi kuma kansa na ta kumbura.

Ba a rufa mako ba, yana bakin aiki, Mubina mai sayar da yadi kusa da Gwaggo ta kira shi tana kuka.

"Zaharadden, 'yan sanda sun tafi da Hajiya. Wallahi da waya a hannu suka shigo lungun, suna kallon bidiyonka suna duba fuskoki. Ko tandar ba ta sauke ba."

Wayar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ruga Bab Makka kamar mahaukaci, ya tarar da masa ta ƙone ƙurmus a tanda, takalminta ƙafa ɗaya a gefe. Ya durƙusa a wurin, kuka ma ya ƙi zuwa.

Konrad ya bi duk hanyar da ya sani, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Aka mayar da ita Najeriya da kayan jikinta.

Da ƙyar Zaharadden ya same ta a waya. Ya fara ba da haƙuri, ta katse shi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na yafe maka. Amma Baturen da bai san ko sunan ubana ba ya rufa min asiri. Kai da na goya a bayana, kai ka tona."

Fim ɗin ya fito daga baya, an nuna shi a ƙasashe da dama. Ban da Konrad, babu wanda ya san ko hannuwan wace ce ke juya masar nan, sai mutum ɗaya, shi kuwa har yau ya kasa kallon wurin.

Darasi: Kafin ka watsa fuskar wani, tambaye shi, domin ba ka san abin da yake ɓoyewa ba. Rufin asiri ya fi suna, kuma abin da ya shiga waya ba ya dawowa. Ku tura wa duk wanda yatsansa ke riga tunaninsa.