Kofin Da Malam Ya Rufe

Ya Malam, Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Kai ne masanin da ilimi bai sa ya ɗaga murya ba, mai taƙawa a ɓoye da sarari, wanda ni da na bar karatu a rabi nake zama gabansa ba tare da jin kunya ba.

Ka tuna la'asar ɗin da jinin Inna ya hau? Ciwon ƙodarta ya daɗe, amma ranar ƙafafunta suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, ta kasa kwanciya, tana zaune bakin gado ta dafa keken ɗinkinta, tana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Mai kemis na layinmu ya ɗaura mata abin awo, ya duba, ya sake dubawa.

"Sammu ne," in ji Gwaggo.

"Gishirin miyarki ne, Gwaggo, da ƙwayoyin ciwon gwiwa da kike ɗura mata," in ji Yaya. "Ga wankin ƙoda da ta tsallake."

"Ji mara kunya! Ni da na goya ka, ni zan kashe uwarka?"

Na ruga na kira ka. Gwaggo ta cika babban kofi da ruwa ta miƙo, domin ka yi addu'a a ciki Inna ta shanye. Kai da ba ka taɓa mayar da kofin kowa ba, sai ka ɗora tafinka ka rufe shi.

"Yau ba ruwa, Gwaggo. Ruwa ne ya tsaya mata a ƙirji. A nemo mota."

Kowa ya watse neman mota, ni kaɗai na rage tare da kai ina tallafe da kafaɗarta, kuma ni kaɗai na ji abin da ka faɗa ƙasa-ƙasa: "Ya Ubangiji, in numfashinta ne ya ƙare, ga nawa. Na shaƙa ya ishe ni."

Wallahi a hannuna na ji kafaɗun nan sun sauka. A asibiti likita ya ce huhunta cike yake da ruwa, da ta sha kofin nan da sai dai wani labarin, kuma yana mamakin yadda ta iso da rai.

Kafin wata ya ƙare, Malam, kai da ba mu taɓa jin ko tarinka ba, aka same ka zaune kan sallaya ka dafa bango, kana jan numfashi irin nata. Daga nan ba ka tashi ba.

Yanzu Gwaggo tana ba maƙwabta labarin kofi, Inna ta koma kan kekenta, ni kuma in tsaya bakin ƙofa ina sauraron ƙirjinta. Allah Ya ƙara maka yarda, ya mai karamci, Ya sa albarkarka ta tsare mana jininta, domin ina tsoron ranar da za ta san numfashin wa take shaƙa.

Har yau ban faɗa wa kowa ba.