Ƙararrawa ta Huɗu

An yi wasu kaji biyu a gidan mai bishara na wani ƙauye. Ɗaya fara ce sol, sunanta Gimbiya. Akurkinsu yana gindin tagar majami'a, don haka ta sha jin wa'azi har ta ɗauka babu abin da Allah zai yi wanda ba ta riga ta sani ba. Ɗayar kuwa Fingi ce, gashinta a hargitse kamar ta fito daga dambe, amma akwai haƙuri.

Da damina ta faɗi, guza ya shiga akurki ya shanye ƙwansu kakaf. Abin tausayi! Suka sunkuya suka yi addu'a.

Gimbiya ta ce, "Ya Uba, ka ba ni 'yan tsaki farare kamar ni, a kwana ashirin da ɗaya cif. Cikin sunan Yesu, amin."

Fingi ta ce, "Ya Uba, ni dai 'ya'ya nake so. Ka yi yadda ka ga ya yi kyau."

"Wannan ma addu'a ce?" in ji Gimbiya. "Ba launi, ba rana? To ta yaya za ki gane amsar in ta zo?"

Washegari Lahadi, Mama Rifkatu, matar mai bishara, ta kawo ƙwai a ƙwarya, ta sa wa kowacce shida. Ku sani, yara, ƙwan zabi ne. Zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa mutanen ƙauye ke ba kaza ƙwan zabuwa ta ƙyanƙyashe. Kuma ƙwan zabo sai ya ƙara mako guda a kan na kaza. Kajin nan ba su san haka ba.

Gimbiya ta dubi ƙwan a yatsine. "Ƙanana, ga ɗigo-ɗigo. Hm!" Ta dai kwanta, tana lissafi da ƙararrawar majami'a. Lahadi ta ɗaya ta zagayo aka kaɗa, ta biyu aka kaɗa. Ran ta uku ta ɗaga fiffike ta leƙa. Shiru, ko tsagewa babu.

Ta miƙe ta kakkaɓe jiki. "Ashirin da ɗaya ta cika. Allah ba ya makara. Tunda bai zo yau ba, wannan ba daga wurinsa ba ne."

"Yaya, ki daure," in ji Fingi. "Ni fa ina jin motsi a ciki."

"Cikinki ne ke kugin yunwa, sakarya! Ni za ki koya wa yadda Allah ke aiki?"

Ta yi ficewarta juji tono. Fingi ta ga ƙwan za su huce, ta mirgino su ɗaya bayan ɗaya da baki. Gashin nan da ake yi wa dariya, shi ya rufe sha biyun duka.

Ran Lahadi ta huɗu, zumuntar mata suna waƙa suna buga tulu, sai ƙwai suka fara tsagewa. Ga 'yan mitsi-mitsi masu zane a ka, masu jajayen ƙafafu, sha biyu ras! Fingi ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Da aka tashi sujada Mama Rifkatu ta leƙo, ta rangaɗa guɗa, ta watsa tsakin gero.

Sai ga Gimbiya a guje. "Shida nawa ne! Ku zo nan!"

Ta yi ta kira, kut-kut-kut. Ko ɗaya bai waiwayo ba, duk suka shige ƙarƙashin Fingi. Gimbiya ta tsaya, kunya ta rufe ta, ta ce a hankali, "Ashe ya amsa. Ni ce na tashi."

Fingi ta yi dariya. "Zo ki taya ni, Yaya. Gudu gare su, sun fi ƙarfina."

Tun daga ranar Gimbiya ce ke bin bayansu tana duban shirwa, kuma tana jin daɗin aikin ƙwarai. Sai dai Gwaggo suke ce mata. Inna kam Fingi ce.

Darasin wannan labari shi ne, in ka yi addu'a, kada ka yanka wa Allah rana da kama. Wanda ya ƙulla a ransa cewa amsa sai ta zo yadda ya tsara, yana iya tashi ya bar ta tana motsi a ƙarƙashinsa.