Ranar da Ghissa Ya Ƙi Rayuwa a Shafin Ƙungiya

Akwai wani Almustafa a Arlit, mai kula da shafin intanet na ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan ma'adinai. Tun da aka rufe ramin Akokan, shafin nan ya zama masarautarsa. In yana bayaninsa, sai ka ce shi ya haƙo intanet ɗin da hannunsa.

Wata rana aka ce 'yan bindiga sun tare motar Ghissa direba a hanyar Tchibarakaten. Kafin a tabbatar, Almustafa ya ɗora hotonsa da sanarwar rasuwa. Matar Ghissa, Mairamu, da ke Tahoua wurin danginta, ta shiga takaba.

Sai ga Ghissa ya dawo, a rame, amma da ransa.

Almustafa ya goge sanarwar, ya rubuta gyara. Ghissa ya kira Tahoua, sai kawun Mairamu ya ce 'yan damfara sun iya kwaikwayon murya. Ga shafin ƙungiya a gabansa, mamaci na nan a mace. Ba za ta fita takaba ba.

Ghissa ya tafi ofishin ƙungiya ya kai kuka. Almustafa bai ko ɗaga kai ba, ya ce salular mutanen Tahoua ce ta tsufa, shi a na'urarsa komai daidai.

Ghissa ya zauna, ya miƙa masa tasa salular. "Malam, ni ma a nan matacce ne. Ka duba, ina jira."

Ya duba. Ga sanarwar, har da addu'o'in jama'a a ƙasa.

Nan ya koma kan na'urarsa. Ya bi saitin ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da abin da shi kansa ya kunna saboda raunin rezo, wato sabis ɗin intanet: shafin yana ajiye tsohon kwafi yana miƙa wa baƙi, mai kula ne kaɗai ke ganin sabo. Ya share ajiyar, ya ce Ghissa ya sake buɗewa.

Marigayi ya tashi.

Mairamu ta aje takaba, kawu ya ce dama shi bai taɓa shakka ba.

Yanzu duk gyaran da Almustafa ya yi, sai ya bi majalisar shayi yana aron salula yana dubawa. Girman kan bai tafi ba, ya dai sauya magana: wai kaf Arlit babu shafin da ake bincika kamar nasa. Kuma gaskiyarsa.

Darasi: Gyaran da kai kaɗai ke gani bai zama gyara ba. Ka sauke kai ka duba ta idon wani. Ku tura wa duk mai cewa "a wurina yana aiki".