Minti Ukun da Delbert Ya Hana Matarsa

Akwai wata mata a garinmu, nan arewacin Nebraska, sunanta Marlys. Mijinta Delbert ya shekara talatin da takwas yana tuƙa tirela. Ya ajiye aiki, amma bai ajiye baki ba. Duk inda ake zancen mota, maganarsa ce ta ƙarshe.

Suna da babbar motar nan mai gado da kicin a ciki. In za su yi tafiya mai nisa, sai su ɗaura ƙaramar motar Marlys a baya da ƙarfe, su ja ta tayoyi huɗu a ƙasa.

Marlys ta karance littafin motarta tas. Ta san kowace safiya kafin a ja ta sai an ta da inji, a zaga giya, a tsaya a firi, a bar ta tana aiki minti uku don mai ya ratsa giyabos. Shekara shida ita ke yin wannan da hannunta, Delbert na tsaye yana duba agogo. A gaban abokansa "Farfesa" yake ce mata. Su yi dariya, ita kuma ta yi yaƙe.

Wata Laraba aka yi mata waya daga New Mexico. Yayanta Orrin, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, jiki ya yi tsanani. Likitoci sun mayar da shi gida, kuma sunanta yake ta kira. Gidan a kan dutse yake, babbar mota ba ta hawa, dole a tafi da ƙaramar.

Ranar farko ita ta shirya motar, aka yi tafiya lafiya lau. Da safiyar rana ta biyu Marlys na kan waya da matar Orrin, sai Delbert ya ce ta zauna, shi zai shirya motar. Ko ɗumin kujerarsa bai huce ba ya dawo.

Ta ce, "Ka ta da ita?"

Ya ce ya yi.

"Ban ji ƙarar inji ba, Del."

"Farfesa, ina jan kaya tun ba ki san inda sitiyari yake ba. Ɗaura bel mu tafi."

Zuciyarta ta ce ta sauka ta duba. Amma ta gaji da zama abin dariya, ga kuma sauri. Ta ɗaura bel.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana wani direba ya wuce su yana ta danna hon, yana nuna bayansu. Da suka tsaya, ƙauri ne ya fara tarbarsu. Jan mai ya yi layi a kan kwalta iya ganinka, tayoyin gaban ƙaramar motar sun ƙi juyawa. Wurin fili ne fetal, ko waya ba ta shiga sosai.

Awa biyar suka yi kafin janwe ta zo. Delbert ya shiga yi wa bakaniken da ya zo da ita bayanin cewa motocin zamani ba su da ƙwari. Mutumin ya leƙa ƙasa, ya shinshina yatsansa, ya ce, "Dattijo, wannan ƙishirwa ce ta kashe ta. Yau ba wanda ya ta da injin nan."

Marlys ta kalli mijinta. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

Da suka ƙarasa da babbar motar, wani maƙwabcin Orrin ne ya ɗauki Marlys daga gindin dutsen. Tun daga ƙofa ta ga an cire wa Orrin robar numfashi, an gyara masa hannuwa. Awa biyu ke nan da cikawarsa. Matarsa ta ce har ƙarshe yana tambaya ko an ji tsayuwar mota.

Bayan an binne shi, Delbert ya ce zai saya mata sabuwar mota, wadda ta fi waccan.

Ta ce, "Ba motar ba ce, Del. Na tambaye ka, ka dubi tsabar idona ka ce ka yi."

Shi kaɗai ya koro babbar motar zuwa gida. Ita sai bayan wata huɗu ta dawo. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, suna zuwa coci tare. Amma har yau ba ta sake tambayarsa komai ba, ko ƙarfe nawa ne.

Darasi: Daɗewa a kan hanya ba shi ne sanin kowace mota ba, kuma wanda ya tambaye ka don ya yarda da kai, kada ka biya shi da ƙarya. Ƙarfe in ya ƙone ana sake shi, yarda kuwa ba ta da kanti. Ku tura wa duk wanda kuka san ya fi ƙarfin a tuna masa.