Silifa Mai Ɗinkin Waya a Gonar Baba Jagdish

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu da ke bayan Labasa, a nan Fiji, ana kiransa Baba Jagdish. Manomin rake ne, gonarsa tana jingine da katangar makarantar firamare. Ni dai duk inda aka ambaci sunansa sai na ji kaina ya ƙara girma.

Kun san yadda muke yi lokacin yanka. A cinna wa rake wuta, ganye ya ƙone, rina ta gudu, adda ta yi ta wucewa salin-alin. Hayaƙin kuwa makaranta yake nufa, toka ta yi ta zuba har cikin littattafai.

Yaranmu a baranda suke cire silifa kafin su shiga aji. Kullum Baba Jagdish zai wuce da safe sai ya kalli layin takalman. Da haka ya gane cewa duk washegarin ƙona gona, layin raguwa yake yi. Masu takalman suna gida suna tari.

Bana sai ya ce da Peniasi, shugaban masu yanka, "Ɗanye za ku yanka nawa. Ba wuta."

Peniasi ya kwashe da dariya. "Baba, kava ka sha da sassafe har ta bugar da kai? Ganyen nan yanka fata yake kamar reza. Aikin kwana huɗu ya koma goma, a kan me?"

"A kan yaran can."

"Haba! A hayaƙin nan muka tashi, ga mu garau. Injin sukari saura mako uku ya rufe. Rakenka zai tsaya nan ya yi maka gadi har baɗi."

Ya kwashe mutanensa suka koma gonar maƙwabci.

Gaskiya ya faɗa a kan injin, in ya rufe noman shekara ya tafi. Amma tsohon nan taurin kai gare shi, irin mai kyau. Shi da matarsa Kusum suka naɗe hannu da tsumma suka shiga gona su biyu. Masu wucewa har tsayawa suke, "Baba, a kawo maka ashana?" Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Ran Talata su Peniasi suka ƙona gonar maƙwabci. Laraba da hantsi Baba Jagdish ya tare Peniasi a hanya.

"Ba faɗa na zo yi ba. Zo ka ga wani abu."

Ya kai shi bakin barandar aji uku. Layin takalma ya tsaya a rabi.

"Ina na 'yarka?"

Peniasi ya duba daga farko har ƙarshe, ya sake dubawa. Silifar 'yarsa Unaisi ruwan ɗorawa ce, shi da kansa ya ɗinke ta da waya. Babu ita. Tun duku-duku yake fita, bai san an wuce da yarinyar asibiti ba.

Malamar ajin ta leƙo. "Bara ma haka asma ta kwantar da ita wata guda, shi ya sa take maimaita ajin. In ta sake rasa jarrabawa bana, ban san me zan ce mata ba."

Peniasi ya juya da gudu.

Ran Juma'a Kusum ta ji sara a ƙarshen gona. Peniasi ne da mutum goma sha ɗaya, hannaye naɗe da tsumma.

"Baba, matsa gefe, kana ɓata mana layi."

"Ina ashanar taka?"

"Tana wajen matata, ta ce girki kawai."

Ran Asabar iyayen yara suka fito, mata da gurasar roti da dafaffen rogo, maza da adduna. Rina ta yi wa Peniasi kumburi a ido, aka yi ta masa tsiya, shi ma yana dariya. Motar rake ta ƙarshe ta bar gonar saura kwana biyu injin ya rufe. Gonaki uku da ke kewaye da makarantar su ma ɗanye aka yanka.

Ranar jarrabawa Baba Jagdish ya wuce kamar kullum. Layin takalma ya kai har bakin matakala, ga mai ɗinkin waya a tsakiya. Ya daɗe a tsaye kafin ya koma gona.

Darasi: Sauƙin da ka samu ta hanyar turnuƙe iskar jama'a, ƙirjin wani yaro ne yake ɗaukar nauyinsa, kuma yaron na iya zama naka. Wanda ya jure wahala don 'ya'yan mutane ba zai rasa masu kama masa ba. Ku tura wa duk mai cinna wuta kusa da makaranta.