Nomau, Wanda Bai Kai Bakin Kogi Ba

An yi wani mutum a wani ƙauye can da daɗewa, tun hanyar mota ba ta shiga ƙasarsu ba, sunansa Nomau. Bawan Allah ne marar yawan magana, manomin dawa, bai san ko baƙi ɗaya ba. Ku saurara da kyau, 'yan'uwa, har da ku na baya da kuka fara gyangyaɗi.

Nomau ya ji bishara a bakin wani mai wa'azi, Malam Barnaba, ya ba da gaskiya ga Yesu. Da lokacin yankan da gidansu ke yi wa kakanni ya zo, ya ce shi kam ba zai sa hannu ba. Wansa Ranau, wanda shi ne mai gida, ya watso masa tabarma da fartanya waje, ya ce kada ya ƙara kiransa Yaya. Surukansa suka zo suka tafi da matarsa da 'yarsa. Nomau ya kafa ɗaki a gefen gonarsa. Shi ke daka, shi ke tuƙa tuwo, shi ke ci shi kaɗai. In ya ɗaga waƙar yabo da yamma, babu mai amsa masa. Kaɗaici ya ci mutumin nan, ba sai an ɓoye ba.

Abu ɗaya yake sa rai a kai, wato baftisma. A ikkilisiyarsu kuwa mai bishara ba ya yi wa mutum baftisma, sai fasto. Faston yana da nisa, sau ɗaya yake zuwa a shekara, bayan kaka, in kogi ya ja baya har mutum zai iya tsayawa a ciki. Nomau ya shiga aji, ya haddace amsoshi da ka. Yakan ce wa Malam Barnaba, "Malam, ran da na fito daga ruwan nan, na san na sake samun dangi."

To, a shekarar sai agana ta shigo garin. Ku yara ba ku san ta ba, ku gode wa Allah. Wanda ta kama, bukka ake yi masa a bayan gari, a ajiye masa abinci daga nesa a juya. Wanda kuma ya shiga jinyarsa, ba ya sake shiga mutane sai ciwon ya wuce.

Ranar baftisma da safe Nomau ya yi wanka, ya kama hanyar kogi. Hanyar ta bayan gari ta bi. Yana wucewa sai ya ji ana nishi a wata bukka, ana kiran ruwa. Ya san muryar. Ranau ne. Ga ƙwaryar ruwan can inda aka ajiye ta, mai ita ya kasa rarrafowa ya ɗauka.

Nomau ya tsaya cik. Ya sani sarai, in ya sa ƙafa a bukkar nan, shi da bakin kogi sai baɗi. Kuna ji na? Daga inda yake tsaye yana jin 'yan'uwa sun fara waƙa. Ya sunkuya, ya ɗauki ƙwaryar, ya shiga.

Ranau ya ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Ban hana ka kirana haka ba?"

"Ka hana, Yaya. Ɗaga kanka ka sha."

Yana goge wa wansa jiki, yana jin guɗa daga kogi duk sa'ad da aka fito da wani daga ruwa, hawaye na zubo masa. Da la'asar fasto ya hau kekensa ya tafi. A cikin masu bi har aka samu masu cewa ai Nomau tsoro ya ji, ya koma addinin gidansu. Mu da saurin yanke hukunci, Allah ya gafarta mana.

Ranau ya tashi. Nomau kuma ya kamu, ya kwanta. Da labari ya kai ga Malam Barnaba, ya zo ya zauna a bakin bukkar. Nomau ya ce da ƙyar, "Malam, ina jin ba zan ga baɗi ba. Ni da ban shiga ruwa ba, za a karɓe ni kuwa?"

Malam ya ce, "Nomau, wa ya mutu dominka, kogi ko Yesu?"

"Yesu ne, Malam."

"Ka tuna ɓarawon da aka gicciye kusa da shi? Wa ya sauko da shi ya kai shi ruwa?"

"Babu."

"Amma Ubangiji ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Shi ka riƙe, ɗan'uwa, shi kuma ba zai sake ka ba."

Nomau ya ce, "To, madalla. Na dai so a ce na shiga." Bai ƙara kwanaki da yawa ba ya huta. Ranau ne ya haƙa kabarin da hannunsa, ya hana kowa ya taya shi.

'Yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ruwa ba ya ceton kowa. Alherin Allah ne ke ceto, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu. Baftisma shaida ce a gaban jama'a cewa ka mutu tare da shi, ka tashi tare da shi. Kada kuma in ji wani ya ce to ai ba dole ba ce. Umarnin Ubangiji ne, Nomau kuwa da marmarinta ya mutu. Kai fa? Ga fasto a gabanka kowace Lahadi, ga ruwa a bayan majami'a, amma kullum sai ka ce sai an yi ɗinki, sai baɗi. Wa ya ba ka baɗi?

Ku kuma da kuka shiga ruwa tun tuni, kada ku gyara zama kuna murmushi. A cikinku akwai wanda ya shekara bai gaisa da ɗan uwarsa ba, ya kuwa san yana kwance ba lafiya. Ruwa ya taɓa jikinka, mun gani, mun yi guɗa. Idan Yesu ya taɓa zuciyarka, in an tashi sujada yau kada ka wuce ƙofar gidan ɗan'uwan nan naka. Ka shiga. Mu yi addu'a.