Shaidar Kuɗin Cizo

Kuɗin cizo ya hana Nafi'u barci, sai ya kai kuka wurin Malam Barau, mai kula da ɗakunan kwanan jami'arsu.

"Babu kuɗin cizo a ginina," in ji Malam Barau. "Kawo mini shaida wanda ya kwana a ɗakin, amma ban da ɗalibi, don ku bakinku ɗaya. In ka kasa, ka kwashe kayanka."

"Malam, ai doka ta hana baƙo kwana."

"Ni na kafa ta."

Nafi'u ya rusuna. "To, saura mutum ɗaya, shi ba ɗalibi ba, shi ba baƙo ba. Zan gyara maka katifata, Malam, ni tabarma ta ishe ni."

Malam Barau ya sosa wuya. Kafin la'asar masu feshi sun iso.